Fita cin abinci da ƙananan yara a ƙasar waje: jagora ga iyalanmu na Maradi

A nan Maradi, cin abinci a waje harkar maza ce da matafiya. Magidanci ya tsaya wurin mai shayi da safe, ko ya zauna gindin mai balangu bayan isha'i, ya ƙullo wa iyali nasu a takarda ya kai gida. Yara kuwa a tsakar gida suke ci, kan tabarma, kwano ɗaya, ga kaka tana sa ido, ga yaya tana raba nama. In na goye ya yi kuka, kafin uwar ta ajiye ludayi wani ya riga ya ɗauke shi. Shi ya sa idan karatu ko aiki ko kasuwanci ya kai ma'aurata Faransa, Beljiyam, Kanada ko Amurka, ranar da suka fara shiga gidan abinci da yara sukan tarar wurin baƙo ne, zaman kansa ma baƙo ne. Miji da mata da yara a tebur ɗaya, a bainar jama'a, ba kaka, ba ƙanwar miji, ba ƴar maƙwabta.

Da yawa daga cikin ƴan uwanmu fita ɗaya suke yi su sallama. Yaro ya tsala ihu, ya kifar da kofin ruwa, na teburin kusa suka waiwayo, kunya ta rufe maigida, daga ranar aka daina. Ni ban ga hikimar dainawar ba. Na zauna a Faransa da yara ƙanana kafin mu dawo gida, na san yadda ɗaki biyu a saman bene ke matse mutum, na san hunturun da ƙarfe 5 na yamma duhu ya riga ya rufa. Matar da ke wuni da yara ita kaɗai, ba mai leƙowa ta ce mata sannu da aiki, tana da haƙƙin wata rana ta zauna wani ya dafa ya kawo mata. Su ma yaran suna buƙatar sanin zaman tebur, domin a Faransa tun 2019 wajibi ne yaro ya fara karatu yana ɗan shekara 3, kuma da yawansu a makaranta suke cin abincin rana cikin ƴaƴan mutane. Hidimar da taron dangi ke yi mana kyauta a nan, a can shiri ne kaɗai ke tsaya mata.

Ku fara daga gida

Sati biyu ko uku kafin fitar farko, ku mai da abinci ɗaya a rana na kan tebur, kowa da farantinsa, har da maigida. Abu uku ake so yaro ya saba da su: ya zauna har a gama, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kada ya miƙa hannu cikin farantin wani. Na ukun shi ya fi wuya ga yaron da ya tashi da kwano ɗaya, domin a wurinsa abin da ke gaban kowa na kowa ne. Mu an rene mu da cewa ba a magana ana cin abinci. A can hira ce rabin zaman, kuma yaron da ake yi wa hira ya fi daɗewa a kujera, don haka ku sassauta wannan.

Kada ku sa yaro ya ji kunyar cin abinci da hannu. Burodi da fiza da soyayyen dankali Turawa ma da hannu suke ci. Shinkafa da taliya ne za ku koya masa da cokali. Bismillah da cin dama kuwa ku riƙe su kam. Turawa sukan riƙe cokali mai yatsu da hagu, wuƙa da dama, amma in kun yanka wa yaro namansa ya ɗauka da dama, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi.

Zaɓen wuri

Fitar farko ku nufi inda abincin ba zai zama wa yaro baƙo ba, ku kuma hankalinku ya kwanta da halaccinsa: gidajen abincin Turkawa, na ƴan Labanon, na Maroko, na Pakistan, na Senegal da Mali. A Paris, unguwannin Château Rouge da Goutte d'Or cike suke da su, a Burusel akwai Matonge, a Niyu Yok akwai layi na 116 a Harlem inda ƴan Afirka ta Yamma suka yi sansani. Abin da ƴan Senegal da Mali ke kira mafe miyar gyaɗa ce da shinkafa, ɗan Maradi ba ya buƙatar lallashi kafin ya ci ta. Wurin Turkawa akwai farar shinkafa, da miyar lantir (wani irin ƙananan wake) mai laushi wadda ko ɗan wata takwas zai sha, da ayran, wato nono da aka tsinka da ruwa da ɗan gishiri.

Rubutun halal a jikin gilashi kowa na iya liƙa shi. A Faransa akwai masu sa ido a kan yanka da ke ba da takardar shaida, kamar AVS da manyan masallatan Paris da Liyon da Évry, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi in an ce ya nuna tasa. Batun cin yankan Ahlul Kitabi magana ce ta malamai, gidaje sun sha bamban a kanta. Abin da zan ce kawai, ku biyu ku tsai da matsaya ɗaya tun a gida, kada a zo gaban mai ɗaukar oda ana ja-in-ja yara suna ji. Inda ba ku gamsu da naman ba, kifi da ƙwai da taliya da kayan lambu sun wadatar.

Bayan abinci, ku dubi ginin. Ku buɗe hotunan wurin a intanet ko ku buga waya ku tambaya: akwai doguwar kujerar yara? Keken jariri zai shiga? Akwai inda ake canza kunzugu? Tsofaffin gidajen abinci na Paris matsattsu ne, tebur na gogar tebur, banɗakinsu sau da yawa yana ƙarƙashin ƙasa ta wata siririyar matattakala mai murɗewa. A irin wannan wuri goyo da zani ya fi keke nesa ba kusa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mace ta bar goyonta don ta je Turai ba. Wurin da aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka kunna kyandir, kowa na magana da raɗa, ku bar shi sai ranar da kuka samu mai riƙe muku yara. Wurin da ke da ɗan hayaniya shi ne naku, kukan yaro zai ɓace a ciki. Irin gidajen da mutum ke ɗaukar tire ya zaɓi abincinsa da kansa, kamar na cikin shagunan kayan ɗaki na IKEA, suna da sauƙi sosai don ba jira, ga kujerun yara birjik. Sai dai dunƙulen naman da suka shahara da shi a Turai haɗi ne da alade, ku kauce masa.

Waɗanda zama ya kai Saudiyya ko Turkiyya sun huta da yawancin wannan. A Saudiyya tun Disamba 2019 aka ɗage wajabcin raba ƙofar iyali da ta maza zalla, amma gidaje da yawa har yanzu suna da sashen iyali, wasu har da labule. Ku nemi nan.

Lokaci

Haƙurin ƙaramin yaro kamar kuɗin cefane ne, ƙayyadadde ne: in kun kashe shi a doguwar hanya da jiran tebur, ba abin da zai rage na lokacin ci. Saboda haka ku zaɓi wuri kusa, ku fita bayan yaro ya yi barcinsa, ku ba shi rabin ayaba ko ɗan burodi kafin a tashi. Kuskure ne a bar shi da yunwa wai don ya ci da yawa a can. Yaron da yunwa ta ci ƙarfinsa kuka yake yi, ba ya ci.

A Faransa madafa tana aiki ne daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana, ta rufe sai 7 ko 7 da rabi na yamma, in ban da wuraren da suka rubuta service continu a ƙofa, wato ba sa tsayar da hidima tsakanin abincin rana da na dare. A Sifen abincin dare ba ya kankama sai ƙarfe 9. Da yara, abincin rana ya fi, kuma ku zama na farkon shiga da 12 daidai: tebura a buɗe, ma'aikata ba su gaji ba, abinci na fitowa da sauri. Wurare da dama ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin, ku bincika. Ku lissafa da salla ma. A Maradi magariba ba ta wuce tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, a Paris kuwa cikin Yuni sai kusan 10 na dare, cikin Disamba kafin 5 rana ta faɗi, azahar da la'asar su matso kusa da juna. Da hunturu fitar rana ɗaya tana iya cinye salla biyu in ba a lura ba.

In wurin na karɓar kamun tebur, ku buga waya ku faɗi gaskiyar adadinku da shekarun yaran, ku roƙi tebur na lungu da kujerar yaro. Ku isa kan lokaci, domin in kun makara da yawa za a ba wasu. In tafiyar ta fasu, ku kira ku sanar.

Jakar fita

Kunzugu da ƙari, kayan canji na yaro, riga ɗaya ta uwa, tsumman goge jiki, leda ta zuba abin da ya ɓaci, kofin yaro mai murfi, ƙaramin cokalinsa, takarda da fensir masu launi, ɗan wasa ɗaya ko biyu marasa ƙara. Sai gorar ruwa ƙarama wadda babu komai a cikinta. Banɗakunan can takarda kawai ake ajiyewa, ba buta, yaron da ya saba da tsarki da ruwa kuwa sai ya ƙi zama. Gorar nan ita ce butarku, ku cika ta a famfon wanke hannu. Abincin jariri ba mai hana ku shiga da shi, wurare da yawa ma za su ɗumama muku in kun roƙa, amma shigar da abincin manya daga waje rashin kyautawa ne. Ɗan ƙullin yaji a jaka ba laifi, shi ke sa farar shinkafar Turawa ta ciwu. Tunda na ambaci tsarabar gida: kilishi da cuku ba a shiga da su Tarayyar Turai cikin kayan matafiyi, doka ta hana nama da kayan madara daga ƙasashen waje, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Ku gaya wa masu aiko muku.

Ku raba aikin tun kafin ku fita

Nan ne fitar ke gyaruwa ko ta ɓaci, kuma maganata da iyaye maza ce. A gida ba a saba ganin magidanci yana ba yaro abinci a baki ko ya kai shi banɗaki ba, domin gidan cike yake da mata. A can in uba ya zauna kamar yadda yake zama a zaurensa, ana kawo masa yana ci, uwar ce za ta yi yankan nama, da goge baki, da tsinto cokali, da lallashi, ta ɗago ta tarar abincinta ya huce, maigida ya gama yana duba agogo. Wannan ba fita ba ce, aikin gida ne aka canza masa wuri, aka kuma biya kuɗi a kai.

Wata Lahadi a wani gidan abincin Turkawa na zauna kusa da wasu ma'aurata ƴan gida, da yara biyu. Abinci na isowa na goyen ya farka. Matar ta fara kwance zani, sai mijin ya ture farantinsa gefe ya miƙa hannu.

"Kawo shi nan, Maman Ummi. Ci naki da zafinsa."

"A'a Malam, kai fara, naka zai huce."

"Ai ke kika wuni da su. Ci, in kin gama kya karɓe ni."

Ya saɓa yaron a kafaɗa ya je bakin taga yana nuna masa motoci, ita kuma ta ci a natse tana yi wa babbar hira. Da ta gama suka yi musanya. Rawaninsa bai faɗi ba, kuma tsarin ke nan da nake ba kowa shawara: ɗaya na ci, ɗaya na riƙo, wadda ta fi gajiya ita ke fara ci. Ku tsai da wanda zai fita da yaro in ya rikice, da wanda zai kai ɗa namiji banɗaki, da wanda zai yi magana da ma'aikata. In ɗayanku bai ƙware da harshen ƙasar ba, a bar shi ya riƙa yin odar lokaci-lokaci, a nan ake koyo.

Shiga da zama

Ku tsaya a bakin ƙofa har a nuna muku wuri, ba a zaɓen tebur da kai. Ku yi gaisuwa, ku sa yaran su ma su gaida ma'aikacin. A Faransa rashin cewa bonjour babban abu ne, yaron da ya faɗe ta kuwa ya saye zuciyar mai hidima. Ku sa yara ta jikin bango, manya ta bakin hanya, don kada yaro ya zille ya yi karo da mai ɗauke da miya mai zafi. Kafin komai ku kwashe wuƙaƙe da kofunan gilashi da gishiri da kyandir zuwa inda hannu ba ya kai. Faranti kan fito daga madafa da zafi, ku karɓa da kanku. Shayi ma kada a ajiye shi a bakin tebur kusa da mai goyo.

Yin oda

Ku duba jerin abincin a waya tun a gida, ta yadda ana zuwa tambaya kun san abin da kuke so. Ku roƙa a fara kawo na yara. Cikakken zaman Faransawa da abin buɗe baki da babban faranti da kayan zaƙi yana iya cin awa biyu, ku ku tsaya a babban faranti kawai, ku nufi tashi cikin awa ɗaya. Abin da ake kira abincin yara yawanci soyayyen dankali ne da niƙaƙƙen nama ko gutsattsarin kaza, da lemo da askirim. Yaron da bai kai shekara 4 ba ya fi cin moriyar ku nemi ƙarin faranti ɗaya ku ɗibar masa daga naku. A Amurka ma faranti ɗaya kan ishi uwa da yaro har ya yi saura.

Alade ba kullum yake zuwa da sunansa ba. A takardar Faransanci ku kula da jambon, lardons, saucisson, chorizo da saindoux, a ta Jamusanci Schwein da Speck da Schinken. Yakan ɓuya cikin salak, da taliya mai farar miya, da wainar ƙwai, har cikin abincin yara, domin yankan jambon da niƙaƙƙen dankali abincin yaran Faransa ne na yau da kullum. Alawa mai taunuwa da wasu kayan zaƙi masu rawa kuma da jelatin ake yin su, shi kuwa sau da yawa daga alade ne. Giya ma tana shiga girki: miyar kifi da ta kaza akan zuba musu farin ruwan inabi, wasu kek ɗin ana jiƙa su da barasa. Ku ce sans porc, sans alcool, wato ba alade, ba giya, ku ƙara da cewa a tambayo mai dafuwa in ma'aikacin bai tabbata ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma sun saba da wannan tambaya.

Sai abin da ya shafi lafiya. A Faransa in kun yi odar nama za a tambaye ku yadda kuke son dahuwarsa, domin da yawansu da jini-jini suke ci. Na yaro ku ce bien cuit, wato ya dahu sosai, ku kuma tsaga tsakiyar niƙaƙƙen naman ku gani. In da sauran ja a ciki ku mayar, saboda ƙwayar cutar da ke ɓuya a ɗanyen niƙaƙƙen nama tana iya taɓa ƙodar ƙaramin yaro. Cukun da aka yi da ɗanyar madara ma hukumomin lafiyar Faransa sun ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba. Zuma ba a ba jariri sai ya cika shekara ɗaya. In jikin ɗanku ba ya karɓar wani abu, yana yi masa borin jini ko kumburi, ku faɗa tun farko. Tun Disamba 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da aka san suna jawo haka, cikinsu har da gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi da alkama. Wannan ne ma ya sa ba a miƙa wa ɗan wani abinci a can. Mu a nan ɗa na kowa ne, yaro ya matso kana cin ƙuli-ƙuli sai ka gutsura masa. A can gyaɗa ɗaya tana iya kai wani yaron asibiti. Ɗaukar ɗan wani ko ɗaukar hotonsa ma sai da izinin iyayensa.

Inabi da ƙananan tumatir ku tsaga su ta tsawo, gyaɗa da danginta ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5 su a dunƙule, kifi a lalube ƙayarsa da yatsa. In yaro ya ƙware yana tari, ku bar shi ya yi tarin, kada ku zura yatsa kuna lalube cikin bakinsa. In ba tari, ba kuka, ba numfashi, jariri a kifa shi kan hannu kansa ya yi ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. Wanda ya wuce shekara ɗaya a bubbuga bayansa sau 5, sannan a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. Wani kuma ya kira 112 a Turai, 911 a Amurka da Kanada.

Ruwa: a Faransa ruwan famfo da burodi suna cikin kuɗin abinci, ku ce une carafe d'eau, kyauta ne kuma mai tsabta. A Jamus da Beljiyam na kwalba ake sayarwa, a Jamus ma in ba ku fayyace ba mai gas za a iya kawowa, yara kuwa ba sa shan sa. Lemo in za a ba yaro, a bari sai ya ci abinci, in ba haka ba shi zai cika cikin.

Jira da kuka

Minti goma sha biyar ɗin da ke tsakanin oda da isowar abinci su ne mafi wuya. Ku fito da kayan wasa ɗaya bayan ɗaya, kada ku zube su gaba ɗaya. Tatsuniyar gizo da ƙoƙi da murya ƙasa-ƙasa, ko kacici-kacici, suna riƙe ɗan shekara huɗu fiye da yadda ake zato, ga shi kuma Hausarsa na ƙaruwa a ƙasar da ba ya jin ta sai a bakinku. Waya ku bar ta can ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ba, na shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In ta kama dole, ku kashe sautin.

In kuka ya ɓarke, wanda aka tsayar ya ɗauki yaron ya fita waje nan take, ba sai ya yi tsanani ba. Iska da sauyin wuri kan kwantar da shi cikin ƴan mintuna. Kada ku daka tsawa, kada ku ɗaga hannu, ko da ranƙwashi ne ko murɗe kunne. Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, Jamus a 2000, Faransa a Yulin 2019, kuma a Faransa kowa na iya kiran lamba 119 ya kai rahoton abin da ya gani. Iyali baƙi da takardun zamansu ke hannun hukuma ba su da buƙatar wannan fitina. Ko ba don doka ba ma, yaron da aka mara cikin mutane ba shiru yake yi ba. In wani ya harare ku, ku ba da haƙuri sau ɗaya ku ci gaba da hidimarku. Yawancin mutanen da ke wurin sun reni yara, abin da ke ɓata musu rai shi ne iyayen da suka saki yaro yana zagaya tebura ba mai cewa uffan. In kuma abin ya ƙi daɗi sam, ku nemi a ƙulle muku abincin ku tafi, ku sake gwadawa bayan sati biyu.

Shayarwa ba laifi ba ce a gidan abinci. A Ingila dokar 2010 ta hana a kori mace don tana shayarwa, a Faransa ma babu dokar da ta hana. Mayafinki ya ishe ki sutura, kada ki yarda ki je banɗaki ki shayar. Kunzugu kuwa a banɗaki kaɗai ake canza shi, ba kan kujera ko tebur ba.

Biyan kuɗi

A Faransa ba a kawo takardar kuɗi sai an nema, don haka ku neme ta tun yara suna kan ci, ko ɗayanku ya je kanta ya biya, ɗayan na sa musu rigunan sanyi. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, farantin yuro 15 ya kusa jika goma ke nan. Wannan lissafi a gida ake yin sa, a ware abin da za a kashe. In aka zauna ana juya kowane cokali zuwa sefa, abincin ba zai shiga ba.

Tukuici ya danganta da ƙasa. A Faransa da Beljiyam ladan hidima yana cikin farashi, yuro ɗaya ko biyu kyautatawa ce kawai, sai dai in yaranku sun ba da aiki ku ƙara. A Jamus ana cike kuɗin zuwa sama, a faɗa wa ma'aikacin adadin lokacin biya. A Landan wasu gidaje sukan ƙara kashi 12.5 cikin 100 a jikin takardar, ku duba kada ku biya sau biyu. A Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ake bayarwa, a Kanada daga 15 zuwa sama, kuma harajin saye ba ya cikin farashin da aka rubuta. A Amurka tukuicin nan shi ne yawancin abin da ma'aikacin ke komawa da shi gida, hana shi cin haƙƙi ne. In da abokan aiki Turawa kuka fita, ku san cewa sau da yawa kowa nasa yake biya. Rige-rigen biya da muka saba da shi tsakaninmu ba zai samu abokin ja ba, sai ku wayi gari kun biya wa mutum takwas.

Kafin ku tashi, ku duƙa ku tsince abin da ya zuba ƙarƙashin kujerar yaro, ku tattara takardun goge hannu wuri ɗaya, kunzugu ya tafi cikin ledarku. Ku sa yara su yi godiya da sallama. Wurin da kuka ji daɗinsa ku riƙa komawa, domin yaro ya fi natsuwa inda ya sani, ma'aikatan ma za su fara ajiye muku teburin lungu. Sauran abinci kada ku ji kunyar neman a ƙulle muku: a Amurka al'ada ce, a Faransa kuma tun 1 ga Yulin 2021 wajibi ne gidan abinci ya ba da mazubi ga wanda ya nema. Da kun isa gida ku sa shi a firij, washegari a yi ɗumame ya yi zafi har ciki, musamman in shinkafa ce.